KAFIN HUNTURU YA KAMA: YADDA AKE CIKE HUJIN RIGAR SANYI DA SAFA

Wannan jawabi ne da wata malamar sana'o'in hannu ta yi wa mata ɗaliban azuzuwan manya a garin Mashi, a ƙarshen kaka. Mun kawo maku shi yadda ta faɗe shi, don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Na ga waɗanda suka taso tun daga Doguru da Tamilo da Sonkaya da Majigiri, wasu har da goyo. Sannunku da hanya, yaya kuka baro mutanen gida? Na san lokacin aiki ne, an yanke gero, ana ɗibar wake, ana cirar gyaɗa, saboda haka ba zan tsare ku har rana ta take ba.

Abin da zan yi magana a kansa yau, wata za ta ce bai kai a tara mutane ba. Huji ne. Kun ga wannan rigar sanyi da ke hannuna? Ta jikana ce. Ku dubi gwiwar hannun, ga ɓula nan da kwabo zai rufe ta. Jikin rigar lafiya lau, wuyanta bai saki ba, launinta bai koɗe ba. Amma na tabbata in an bar ta haka, kafin watan Janairu ya ƙare, wannan 'yar ɓula ta zama ƙofar da yaro zai fitar da hannunsa ta ciki, kuma kafin baɗi rigar ta koma tsumman goge tukunya. Riguna nawa muka yi asara ta wannan hanya? Kowace ta tambayi kanta.

Mu mutanen arewacin Jihar Katsina, daga nan Mashi har Daura da Mai'aduwa, da muke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, mu ne iskar hunturu ke fara gaisarwa in ta taso daga Hamada. Takan fara a watan Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, har da asuba ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15. A wannan asubar ce yaro zai fita makarantar allo, ya dawo ya wuce firamare. A cikinta tsoho zai tafi masallaci, ɗan acaɓa ya hau hanyar Katsina zuwa Daura iska na dukan ƙirjinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu, da sauran makonni a gabanmu, ya kamata kowace ta buɗe akwati ko ƙunshi ta ga halin da kayan sanyin gidanta suke ciki.

Bari in faɗi wata magana a fili tun da wuri, kada a fita a ce Malama ta ce rigar sanyi magani ce. Ba magani ba ce. Ciwon limoniya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Hukumar UNICEF ta ba da lissafin cewa a 2018 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu a wannan shekara. Abin da ke tare shi allurar rigakafi ce da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, da nonon uwa, da abinci mai gina jiki. In kin ga yaro na numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, asibiti za ki nufa, ba akwatin kaya ba. To amma ku lura da abin da muke yi in yara ba su da abin rufa. Sai mu shigo da kaskon garwashi ɗaki, mu rufe ƙofa da taga. Hayaƙin nan yana cin huhun yaro, iskar da garwashi ke fitarwa a ɗaki rufe tana kisa mutum na barci, ga gobara da muke jin labarinta kowane hunturu. Yaron da ke da riga mai kauri da safa da hula, uwarsa ba ta da dalilin kwana da wuta. Jariri kuwa, musamman bakwaini, jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba, kansa ga shi babba a kan jikinsa, shi ya sa hula da safa ba ado ba ne a wurinsa.

Sai maganar kuɗi. Yawancin kayan sanyin da muke saye gwanjo ne. Shekara da shekaru dilolinsa na sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su bi ta Maraɗi su shigo mana, wasu kuma 'yan kasuwarmu su saro daga Ƙofar Wambai a Kano. A watan Agusta na 2019 aka rufe kan iyaka, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. A cikin 2023 ɗin nan aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, a 2024 ta haura Naira 1,500. Dilan gwanjo kuwa da kuɗin waje ake sayo shi. Ba sai na gaya maku sauran ba, kun je kasuwar Mashi kun taya da bakinku. Mu ɗauki misali kawai, tun da kun yi lissafi a aji: a ce rigar yaro ɗaya Naira 3,000 ce, kina da yara biyar. Nawa ke nan? Naira 15,000. Tiya nawa ta gero maigida zai fitar daga rumbu kafin ya haɗa wannan? Alhali da allura ɗaya da ɗan zare, uku daga cikin rigunan bara za su sake hunturu.

Saƙa ba yadi ba ce

Dalilin da ya sa yawancinmu muke kasa gyaran kayan sanyi shi ne muna ɗaukarsu kamar atamfa. Atamfa da shadda zare biyu ne suka gitta juna, na tsaye da na kwance, kamar yadda kakanninmu suke saƙa gwado da luru. In ta yage sai ki haɗa baki biyu ki ɗinke, ko ki kai wa tela ya sa maho, shi ke nan.

Rigar sanyi ba haka take ba. Zare ɗaya ne tal, dogo, aka yi ta lanƙwasa shi ana yin 'yan zobba, kowane zobe ya ratsa ta cikin na ƙasansa ya riƙe shi. Waɗannan zobba su za mu kira idon saƙa. Ku matso da rigar kusa da fuskarku ku duba, za ku ga kowane ido kamar bakin gwafa, sun jeru sahu sahu. Wannan ne ya sa rigar ke miƙewa ta koma, ya sa kuma take da ɗumi, domin iska na maƙalewa a tsakanin idanun. Amma nan ne kuma rauninta yake. In zare ya tsinke a wuri ɗaya, idon da ke nan ya rasa mai riƙe shi, sai ya zame ya saki na ƙasansa, wannan ma ya saki na ƙasa, har ki ga layi ya tafi kamar tsani. Shi ya sa hujin saƙa ba ya tsayawa inda ya fara.

In kika kama bakin hujin kika tattare shi da zaren keke, kamar ɗaurin bakin buhu, kin yi ɓarna biyu. Wurin ya tsuke ya yi ƙululu, ba ya miƙewa, sai ja ya koma kan idanun da ke gefensa. Kuma zaren keke siriri ne mai ƙarfi, ulu kuwa laushi gare shi, saboda haka zaren zai yi ta yanka ulun kamar yadda igiya ke cin bakin rijiya. Ni kaina na yi wannan kuskure ina amarya. Na ɗinke safar maigidana da baƙin zaren keke, na ƙulla ƙulli uku don kada ya kwance, ina ta jin daɗi na yi abin kirki. Ya sa ta ya tafi cin kasuwa da ƙafa. Da ya dawo da yamma bai ce mani kome ba, sai na ga yana ɗingishi. Ƙullin ya yi masa bororo a dunduniya, huji kuma ya zama biyu, ɗaya a kowane gefen ɗinkina. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta zaunar da ni ta ce, 'yar nan, huji ba rufe shi ake yi ba, cike shi ake yi. Abin da ta koya mani ran nan shi zan nuna maku.

Kafin ki taɓa allura, ki san irin zaren rigar. Iri uku ne suka fi yawa: ulu na gashin tumaki, da auduga, da na roba wanda ake yi daga man fetur, ana ce masa akirilik. Galibin abin da muke kira ulu a kasuwa, har da ƙunshin zaren da muke saƙa kayan jarirai da shi, wannan na robar ne. In rigar na da 'yar takarda a wuya ko a gefe, ga amfanin karatunku ya zo: Wool shi ne ulu, Cotton auduga, Acrylic na roba. In babu takarda, ki zaro ɗan silin zare daga cikin ɗinkin gefe, ki riƙe da tsinke ki kai bakin ashana. Ulu zai yi ƙaurin gashi, ya daskare ya zama ɗan gawayi da ke murmushewa a yatsa. Auduga za ta yi ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi. Na roba zai kama da sauri, ya narke, ya bar baƙin ƙwallo mai tauri. Wadda ta ga wannan da idonta sau ɗaya ba za ta ƙara barin yaro ya tsuguna jin ɗumi a bakin murhu da irin wannan riga ba, don in ta kama, narkewa take yi ta manne a fata.

Abin da za ki tanada

Ba sai kin sayi kome mai tsada ba. Allura mai faɗin kafa, marar tsini sosai. In basilla ƙarama gare ki, ki goga bakinta a dutse ya dakushe, domin so ake ta bi tsakanin zare, ba ta tsaga shi ba. Sai almakashi, da kwarashi in kina da shi. Sai abin da za ki sa a ƙarƙashin hujin ya tokare shi. Turawa suna sassaƙa katako kamar ƙwai don wannan aiki, mu kuwa Allah ya hutar da mu: bayan ludayi ya ishi gwiwar hannu da dunduniya, ga mariƙi kuma. Safar yaro, ƙwallon goruba. Huji a gaban riga, bayan ƙaramin ƙoƙo. Wasu na sa ƙwan lantarki da ya mutu, ni ban so, in ya fashe a hannu an shiga uku.

Zaren cikewa ya zama irin na rigar, ulu da ulu, roba da roba, domin in an wanke su tafi tare. Kaurinsa ya yi daidai da na rigar, ko ya ɗan fi shi siranta. In ya yi kauri, ki warware shi, za ki ga sili uku ne ko huɗu aka murɗe, ki cire ɗaya ko biyu. Mafi arha, ki ware riga ɗaya da ta riga ta mutu ta zama uwar zare. Ki kwance ɗinkin hannunta, ki nemo bakin zaren daga sama, ki ja ki yi ta naɗewa. Zai fito a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe. Ki naɗa shi a jikin kwano, ki yayyafa masa ruwa, ki bar shi ya bushe, zai miƙe.

Ki wanke rigar tukuna ta bushe. Sa'an nan ki ɗaga ta ki duba ta wajen hasken rana. Inda haske ya fi ratsowa, nan zare ya sire, nan huji na gaba zai fito. Wuraren sanannu ne: gwiwar hannu, hammata, bakin hannu, dunduniya, da kan babban yatsa.

To ga aikin. Ku matso, na baya ku miƙe tsaye.

Na sa ludayi a cikin hannun rigar, hujin ya zauna a kan bayansa. Na kama rigar a wajen mariƙin, in kin so ki ɗaure da roba. Kada ki ja ta ta miƙe, kada kuma ki bari ta yi laƙwas, ta zauna yadda take zama a jiki. Na yanko zare kamu ɗaya da rabi, in ya fi haka sarƙewa zai yi ta yi. Ulu ba ya shiga kafar allura da lasa, sai ki ninka bakinsa a jikin allurar, ki matse da yatsa biyu, ki tura ninkin.

Da fari ki kewaye hujin da ɗan ɗinki sama sama, kamar faɗin yatsa ɗaya daga bakinsa, a inda saƙa ke da ƙarfinta. Kina tafiya kina duba idanun da suka saki a sama da ƙasan hujin, ki ratsa allura ta cikin kowanne. Wannan shi ne shingen gona. In kin bar ido ɗaya a sake, ta nan tsani zai ɓalle bayan kin gama.

Daga nan sai zaren tsaye. Ki fara daga gefe, a kan lafiyayyar saƙa, ki yi sama kina shiga kina fita, ki juyo ki yi ƙasa dab da layin farko. In kin iso kan hujin, zaren ya tsallake shi kamar gada, ya sauka a ɗaya gefen ya ci gaba da shiga da fita har shinge. Tsakanin layi da layi ya zama kaurin zare ɗaya. Abu biyu nake so ku riƙe a nan, su ne suka raba gwana da 'yar koyo. Na ɗaya, duk inda kika juyo, kada ki ja zaren ya ɗame, ki bar ɗan lanƙwasa kaɗan a bakin juyin, domin sabon zare yakan tsuke in ya sha ruwa, kuma rigar na bukatar wurin miƙewa. Na biyu, kada layukan su tsaya a sahu ɗaya kamar 'yan makaranta a fareti. Wani ya ɗan wuce, wani ya ɗan gaza. In duk suka ƙare a sahu ɗaya, wannan sahun shi kaɗai zai ɗauki nauyin facin, can kuma zai yage.

Sai zaren kwance. Nan babu wadda zan koya wa kome, domin duk wadda ta taɓa ganin ana saƙar tabarma ko zana ta san shi. Allura ta hau kan zare ɗaya, ta bi ƙarƙashin na gaba, ta hau, ta bi ƙasa, har ƙarshe. A dawowa ki juya: wanda kika hau ɗazu yanzu ki bi ƙarƙashinsa. Kowane layi kika gama, ki tura shi da bakin allura ya matsu da ɗan'uwansa. Ba a so ya yi tauri kamar fata, ba a so kuma ya zama rariya. In kin sa yatsa ta ciki ba ki hango farcenki ba, ya yi.

Ba a ƙulli. Ko a farko, ko a ƙarshe, ko wurin ƙarin zare. Ki bar jela kamar tsawon yatsa, in kin gama ki zura ta a allura ki sakaɗa ta cikin saƙa ta baibai, ki yi gaba kaɗan ki dawo, ki yanke. Ba za ta fita ba. Wannan ya fi muhimmanci a safa, ya fi kuma muhimmanci in mai safar yana da ciwon sukari. Irin waɗannan bayin Allah sau da yawa ƙafarsu ba ta jin zafi, ƙulli zai yi ta cin fata ba su sani ba, gyambon kuma ya ƙi warkewa. In kina da tsoho ko tsohuwa mai wannan ciwo a gida, ki shafa cikin safarsu da hannunki kafin su sa.

Akwai wata hanya ta biyu wadda ni na fi ƙauna, ko da yake tana son haƙuri. Ita ta wurin da ya sire ne amma bai ɓule ba. Maimakon ki gitta zare, sai ki bi sawun saƙar kanta, ido da ido. Ki fito da allura daga ciki ta gindin gwafa. Ki ɗaga ta zuwa gwafar da ke sama, ki ratsa ta bayan ƙafafunta biyu. Ki dawo ki nutsa a inda kika fito. Kin ga sabon zare ya kwanta a kan tsohon ido ya rufe shi. Sai ki fito ta gindin na kusa da shi, ki yi ta tafiya har ƙarshen sahu, ki hau na sama ki dawo. In launi ya dace, ko mai rigar sai ya nema kafin ya gane wurin, kuma yana miƙewa kamar sauran jikin rigar. Wadda ta saba da wannan, da wuya huji ya riske ta.

Tsani kuwa aikin kwarashi ne, kuma minti biyar ne. Ki nemo idon da ya gudu, yana can ƙasan tsanin. Ki sa kwarashi a cikinsa, ki ƙyaƙo matakin farko da ke samansa, ki jawo shi ta cikin idon. Ya zama sabon ido. Ki ƙyaƙo na biyu, haka har sama, sa'an nan ki kama na ƙarshen da allura da zare.

In huji ya kai tafin hannu, kada ki wahalar da kanki da cikewa, zai yi nauyi ya saki. Ki yanko maho daga uwar zaren nan taki, ya fi hujin da faɗin yatsa biyu ta kowane gefe. Amma ki bi layin da za ki yanka da ɗinki tukuna, in ba haka ba warwarewa zai yi a hannunki. Ki ɗora shi sahunsa na kallon inda sahun rigar ke kallo, ki ɗinke da zaren saƙa, ba da na keke ba. Ƙunar wuta a rigar roba, sai kin yanke bakin da ya narke ya yi tauri kafin ki fara. Rigar da ta wuce gyara ma ba a yar da ita: hannunta ya zama safar yaro, gindinta mai roba ya zama hula.

Wanki da ajiya

Rabin hujin da muke gyarawa, mu muka jawo shi wurin wanki. Ulu na gaske ba ya son ruwan zafi, ba ya son cuɗa. In kin yi masa haka zai cure ya tsuke, rigar uba ta koma ta ɗa, kuma ba ta dawowa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki matsa a hankali, kada ki murɗe. Kada ki rataya ta jiƙe a igiya ko a kan danga, nauyin ruwa zai ja ta, ƙaya ko waya kuma ta tsinke zare. Ki shimfiɗa ta a tabarma a inuwa.

In zafi ya shigo a watan Maris, kada ki tura kayan cikin akwati da dauɗarsu. Asu gashin dabba yake ci, kuma ya fi son inda gumi ko miya ta taɓa. Ɓera da kyankyaso ma ƙanshin maiƙo suke bi, ko da rigar ta roba ce. Ki wanke, ki gyara abin da ya ɓule a lokacin, su bushe sarai, ki ɗaure a leda mai kauri ko akwati mai murfi, ki ɗora a sama saboda gara. Iyayenmu kan sa busasshen ganyen bedi, watau darbejiya, a tsakanin kaya, ni ma haka nake yi.

Kafur kuwa, ina roƙonku, ku raba shi da kayan jarirai. Akwai yaran da ake haifa da wani irin jini wanda ba ya jure sinadarin da ke cikinsa, kuma irin wannan jini yana da yawa a ƙasarmu, ya fi yawa ga maza. In aka sa wa irin wannan jariri kayan da suka sha kafur, jininsa na iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba za ki gane wane jariri ne ba da ido. Ga kuma yaro mai rarrafe da zai ɗauka alewa ce.

Na san abin da wasu ke faɗi a ransu. Za a ce, ɗana ya fita da faci, kishiya ta gani, dangin miji su ce na kasa. To, waɗanda muke sayen kwancensu fa? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka je har Bama, gwamnatin Ingila ta ƙayyade wa kowa yawan tufafin da zai saya, daga 1941 har 1949. A 1943 ta buga ɗan littafi tana koya wa mata wannan aikin da na nuna maku yanzu. A 2023 kuma Faransa ta fito da shirin rage wa mutum daga Yuro 6 zuwa 25 a kuɗin gyara, in ya kai tufa ko takalmi wurin mai gyara maimakon ya zubar. Yanzu har akwai masu cike huji da zare mai launi dabam da gangan, don a gani. Ni ban ce ku yi wa maigida jan faci a baƙar riga ba, kada a ce ni na haɗa ku. Amma a rigar yarinya, na sha cike huji da wani launi in kewaye shi ya zama fure, ƙawayenta su zo suna cewa su ma a yi masu.

Kuma akwai ɗan abin sayen gishiri a ciki. Telolinmu na keke galibi ba sa karɓar wannan aiki, don keke ba ya yin sa. Mai sayar da gwanjo in ya fasa dila, yakan ware masu huji gefe ya sayar da arha. Mace tana cikin gidanta za ta iya aika yaro ya sayo mata irin waɗannan, ta gyara, ta wanke, ta sayar a unguwa, ko ta karɓi na maƙwabta a biya ta. Sai dai ki fara da na gidanki. Facinki na farko zai yi muni, na biyu ma haka, kada ki gwada hannu a kan rigar mutane.

Zama na gaba kowace ta zo da abu uku: safa ko riga mai huji wadda aka wanke, da ludayi ko goruba, da allura. Wadda ke da rigar da ta mutu ta kawo mu warware mu raba zaren. Waɗanda idonsu ya fara rauni su zauna ta bakin ƙofa inda haske yake, 'yan mata su zura masu zare. Yanzu ga rigar jikan nawa, ku miƙa ta hannu hannu, kowace ta juya ta baibai ta ga inda na ɓoye jelar. Mai tambaya kuma ta ɗaga hannu.